Kafin Maigida Ya Ɗauki Jakar Ci-rani

 Ina gaida mutanen Sassumbrum da ƙauyukanta, da na Yekuwa da Kwaya da Bande da Waca, da Magarya cikin gari, har zuwa Dungas da Dogo-Dogo da Malawa da Guci. Ban manta da 'yan uwanmu na tsallaken iyaka ba, na ƙasar Daura da na Jigawa, waɗanda muke cin kasuwa ɗaya da su, muke kuma ba juna aure.

Maganar allurar rigakafin yara na zo da ita yau, kuma da gangan na zaɓi wannan lokaci. Gero ya shiga rumbu, an ɗaure harawa, duk wanda ya leƙa tasha da sassafe zai ga magidanta da samari da 'yan jakunkunansu. Wannan Kano za shi, wancan Legas, wani kuwa Agadas, daga can sai Libiya ko Aljeriya. Ba za su dawo ba sai hadari ya fara haɗuwa. To watannin nan da ba su nan, daga hunturu zuwa bazara, su ne watannin baƙon dauro da sanƙarau. Wadda aka bari da yara mace ce, kuma a gidaje da yawa ba ta isa ta goya jariri ta nufi likita ba sai da izinin mutumin da ke nisan kwana biyu a mota.

In ana zancen yaran da ba a yi wa allura ba, sai a riƙa yi kamar gari ya rabu biyu, ga masu yarda ga masu ƙi. Masu ƙi akwai su, zan zo kansu. Amma abin da na fi gani a yankin nan shi ne gidan da babu wanda ya ce a'a, babu kuma wanda ya ce to. Mutum uku ne, kowa da nasa ra'ayin, ba su taɓa zama sun yi maganar a fili ba.

Ku dubi irin wannan gida, na san kun san shi. Mace ta haihu, bayan suna ta kai jariri likita, an yi masa lamba a hannu, an ɗiga masa maganin shan-inna, an ba ta karne, wato katin allura, ta naɗe a leda ta sa cikin kwanon jere. Da ya cika sati shida ta koma, aka yi masa allura a cinya. Daren nan ba wanda ya runtsa. Jiki ya yi zafi, cinya ta kumbura, ya ƙi nono. Da asuba uwar miji ta leƙo ta ce, “Kin ɗauki yaro lafiyarsa lau, kin kai an maido mana shi da zazzaɓi. Mu da muka haifi goma, wace allura muka sani?” Yarinya ta sunkuyar da kai, ina ita ina musu da suruka. Da dare maigida ya kira daga Kano, ta gaya masa, katin waya na ƙarewa, ya ce, “Ki bi abin da Inna ta ce, in na dawo ma yi magana.” Shi ke nan. Da ya dawo ana ta haramar shuka, wa ya tuna da karne? Layi biyu ne aka cika a cikinsa, sauran fili.

Inna, da ke zan fara, kuma ina neman afuwa, don ɗa ba ya koya wa uwa raino. Zazzaɓin nan da kika gani gaskiya ne, ba ƙarya kika yi ba. Allurar cinya tana sa zafin jiki na kwana ɗaya ko biyu, ma'aikatan lafiya ma sun san da haka. Abin da ke cikin allurar kama ce ta ƙwayar ciwo wadda aka kashe ko aka cire mata dafi, jikin yaro ya gan ta ya yi faɗa da ita ya gane ta, don ranar da ta gaske ta zo ta tarar da shi a shirye. Zafin nan alamar faɗan ce. A ba shi nono, a rage masa kaya, a ba shi parasitamol daidai yadda likita ya auna, zai wuce. In ya zarce kwana biyu, ko yaro ya yi jijjiga, a mayar da shi likita ba tare da jira ba.

Amma maganar haihuwa goma, Inna, ki yi mini haƙuri in yi tambaya mai nauyi. A cikin goman, nawa suka kai aure? Ba na so ki amsa mini, ki amsa a zuciyarki. Iyayenmu sun binne 'ya'ya da yawa har abin ya zama kamar al'ada, har ana raɗa wa yaro suna irin Barau ko Ajuji ko Ayashe don ko mutuwa ta ƙyale shi. A shekarar 1998, cikin kowane yaro 1,000 da aka haifa a Nijar, 226 ba sa kai shekara biyar. Zuwa 2009 adadin ya sauko 128. Ba allura kaɗai ta yi wannan aiki ba, akwai gidan sauro, akwai bitamin A, akwai ƙananan ɗakunan shan magani da aka gina a karkara, amma allura na cikin manyan dalilai. Sannan ki ɗaga hannun rigarki ki duba damtsenki. Da yawa daga cikin tsararki suna da tabon lamba ta agana. Agana ta makantar da mutane, ta ɓata fuskoki, ta share gidaje a ƙasar Hausa. Mutum na ƙarshe da ya kamu da ita ta hanyar yaɗuwa a duniya a Somaliya yake, a 1977, kuma a 1980 aka shelanta cewa ta ƙare. Jikokinki ba su ma san sunanta ba. Ashe kin san allura, Inna, a jikinki take.

Baƙon dauro shi ne na fi so mu tsaya a kansa, don shi ne muka fi rainawa. Mun ɗauke shi kamar hanya ce da kowane yaro sai ya bi. Yaro zai fara da zazzaɓi da mura da tari, idanu su yi jajur suna ruwa, yana gudun haske. Bayan kwana uku ko huɗu ƙuraje su fito daga bayan kunne da goshi su gangara jiki. Sai a kulle shi a ɗaki, a hana shi wanka, a ce a bari ya gama fitowa. Ƙurajen za su bushe, fata ta yi dusa-dusa, kowa ya ce Alhamdu lillahi ya tashi. A nan ne kuwa ɓarnar take farawa. Baƙon dauro yana cinye bitamin A na jikin yaro, shi ya sa wasu ke makancewa bayansa. Yana jawo ciwon haƙarƙari da zawo. Yana kuma goge kariyar da jikin yaro ya riga ya tara daga wasu cututtuka, ya bar shi tsirara na tsawon watanni. Yaron da ya yi dauro a bazara, shi ne za ka gani a damina ya rame, gashi ya yi ja, ana auna masa damtse da zaren awo yana nuna ja. In ya rasu a watan Agusta sai a ce tamowa ce ko zazzaɓin sauro, ba mai tuna cewa tun watan Maris aka kayar da shi.

Kuma ba ciwon da ya kai shi saurin kamu. Yaro ɗaya mai dauro yana iya sa wa yara 12 zuwa 18 in ba su da kariya. Ya shiga ɗaki ya yi tari ya fita, wani ya shigo bayan awa ɗaya ya ɗauka. Saboda haka ne masana ke cewa sai an yi wa yara 95 cikin 100 allura sau biyu kafin gari ya tsira. Ka lissafa da kanka: a unguwa mai yara ɗari, gida uku ko huɗu ne kawai za su yi sakaci, ƙofa ta buɗe. Wanda ya fi shan wuya kuwa jariri ne ɗan wata shida ko bakwai na maƙwabta, wanda lokacin allurarsa bai ma yi ba.

Yanzu maigida. Malam, kai naka shakkun daban ne da na Inna. Kai ka yi yawo, ka zauna a majalisa a Sabon Gari da Agege, an turo maka sautin murya a WhatsApp. Tambayoyinka biyu ne, na sha jin su a bakin masallaci da wurin mai shayi. Ta farko, an ce akwai maganin hana haihuwa a ciki. Ta biyu, me ya sa ɗigon shan-inna kaɗai ake bin mu da shi gida-gida kyauta, amma ranar da yaro ke jijjiga da zazzaɓin sauro sai a rubuta mana takarda a ce mu je mu saya?

Ba zan ce maka jahili ba, don shakkun nan yana da tushe, kuma tushen yana Kano. A 1996 an yi annobar sanƙarau mai tsanani a arewacin Najeriya. Kamfanin Pfizer na Amurka ya zo Asibitin Zana ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan, a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ba ne, kamfani ya ce ciwon ne ya kashe yaran ba maganinsa ba, aka yi ta shari'a har 2009, lokacin da kamfanin ya amince da sulhu na dala miliyan 75 da gwamnatin Kano. Trovan maganin warkarwa ne, ba allurar rigakafi ba ce, amma wa zai tsaya bambancewa? Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

A kan wannan rauni ne maganar 2003 ta sauka. Dakta Datti Ahmad, likita ne kuma shugaban Majalisar Ƙoli ta Harkokin Shari'a a Najeriya a lokacin, ya fito ya ce ana zargin an gurɓata maganin shan-inna. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da ɗigon a Kano. Aka kafa kwamitoci, aka yi gwaje-gwaje, aka tura wakilai ƙasashen waje, sai a watan Yulin 2004 aka ci gaba, da maganin da aka sayo daga Indunusiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi. A ɗan tsakanin nan da abin da ya biyo baya, ƙwayar ta fita daga arewacin Najeriya ta shiga ƙasashe kusan ashirin, ta bi ta Sudan ta kai Yaman, ta kai Indunusiyar kanta. Mu da ke bakin iyaka ba sai an ba mu labari ba. Akwai samari a garuruwanmu da suke tafiya da sanda ko keken guragu, in ka tambayi shekarunsu za ka ga a wannan zamani aka haife su.

Maganar hana haihuwa kuwa, ba sai mun je ɗakin gwaji ba, lokaci ya riga ya yi mana gwajin. Tun ƙarshen shekarun 1990 ake bi gida-gida da ɗigon nan a Nijar. 'Yan matan da aka ɗiga wa a lokacin su ne matan aurenmu na yau. Ka dubi bayan matarka, ka dubi tsakar gidanka. A ƙidayar 2001 mutanen Nijar miliyan 11 ne, a ta 2012 sun haura miliyan 17, kuma har gobe ƙasarmu na sahun gaba a duniya wajen yawan haihuwa. In da wani ya zuba kuɗinsa don ya hana mu haihuwa ta wannan hanya, to ya tafka asara.

Tambayarka ta biyu ita ce mai ƙarfi, kuma ba ni da amsar da za ta wanke kowa. Gaskiya ne duniya ta zuba kuɗi a kan shan-inna fiye da yadda ta zuba a kan abin da ya fi kashe mana yara, domin shi ciwo ne da ake iya kawar da shi gaba ɗaya, kuma muddin yana wani wuri kowa na cikin haɗari, har da 'ya'yan masu ba da kuɗin. Ba don ƙaunarmu kaɗai ba ne, akwai tsoron kansu a ciki, kuma wannan ba laifi ba ne. Gaskiya ne kuma tun 2006 doka ta ce kula da yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ne a Nijar, amma sau nawa aka je aka tarar da kantar magani wayam, saboda kuɗin da ya kamata gwamnati ta mayar wa likitoci sun makara? A watan Satumban 2018 ƙungiyar likitocin nan ta MSF, wadda ke aiki a Magarya tun 2005, ta ba da sanarwar cewa yara fiye da 700 ne kwance a sashen yara na asibitin Magarya, kuma a cikin wata guda ana rasa kimanin yara goma kowace rana, yawanci saboda zazzaɓin sauro da tamowa. Wanda ya ga wannan da idonsa yana da hakkin ya yi fushi. Sai dai fushin ya kamata ya nufi inda ya dace: a tambayi magajin gari, a tambayi kwamitin kula da likita, a tambayi 'yan siyasa ranar da suka zo neman hannu. In ka hana a yi wa ɗanka allura don ka huce, ba wanda ya ji a jikinsa a Yamai ko Janeba. Ɗanka ne kawai ya rasa abu ɗaya da ya zo masa a kan kari. Ga shi ma zazzaɓin sauron an fara taɓa shi. Kun san ƙwayoyin da ake rabawa yara wata-wata da damina, kuma a watan Satumban 2024 Nijar ta soma allurar rigakafinsa daga Gaya ta jihar Doso, ko da yake ba ta maye gurbin gidan sauro.

Akwai wata gaskiya da ma'aikata ba su cika son faɗa ba, ni kuwa ina ganin ɓoye ta ya fi faɗarta illa. A ranar 25 ga Agustan 2020 aka shelanta cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali. To me ya sa har yanzu ake zuwa da alli ana rubutu a ƙofa, ana shafa wa yara tawada a ƙaramin yatsa? Domin ɗigon nan ƙwaya ce mai rai da aka raunana. Yaron da aka ɗiga wa yana fitar da ita a bayan gida. Inda kusan kowane yaro ya samu, sai ta rasa wurin zama ta mutu. Amma inda aka bar yara da yawa babu kariya, ga bahaya a fili, ga ruwan tafki, sai ta yi ta yawo daga ciki zuwa ciki shekara guda ko fiye, har ƙarfinta ya dawo. Irin wannan ce ta shanye ƙafafun yara a gundumomin lafiya na Magarya da Tanut a 2018, kuma da aka bi diddiginta sai aka ga danginta a Jigawa. Wani zai ce, ka ji ko, ashe daga maganin ne. E, asalinta daga can ne. Amma yaran da take kayarwa su ne waɗanda ba a ɗiga wa ba, ko aka ɗiga musu sau ɗaya aka bari. Shi ya sa ake maimaitawa, don cikin yaro mai yawan zawo ba ya riƙe ɗigon da kyau a karo ɗaya, shi ya sa kuma aka ƙara da ta allura a cikin jadawali.

Sanƙarau kuwa ba sai na tuna wa mutanen Dungas ba. Daga farkon Nuwamban 2022 zuwa ƙarshen Janairun 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram, 18 suka rasu, kuma gundumar Dungas ce ta fi kowace yawan waɗanda suka kamu. A daidai lokacin Jigawa ma na fama. Wasu iyaye suka ce ai an taɓa yi wa yaransu ta sanƙarau, me ya sa kuma? Dalili shi ne sanƙarau iri-iri ne. Wanda ya addabi iyayenmu, mai lamba A, allurar da aka fara a 2010 a Nijar da Mali da Burkina Faso ta kusa shafe shi. Sai mai lamba C ya taso, shi ne ya kama mutum fiye da 8,000 a ƙasar nan a 2015, shi ne kuma na Dungas. Yanzu an samu sabuwar allura mai kare iri biyar a haɗe, Najeriya ce ta fara amfani da ita a 2024, Nijar ta biyo baya a shekarar. Gargaɗi ɗaya a nan: an sha kama allurar sanƙarau ta jabu a ƙasar nan, har da 2015 ɗin. Kada tsoro ya sa ka sayi kwalba a kasuwa ko hannun mai yawo da magani a tire. Ta likita ita ce allura.

Sai mashaƙo, ciwon da matasan likitoci da yawa a littafi kawai suka san shi. Ya ɓarke a Kano a ƙarshen 2022, ya kama dubbai, a 2023 ya iso Matamai, maƙwabtanmu. Wata farar fata ce ke fitowa a maƙogwaron yaro ta toshe numfashi, wuya ya kumbura. Yawancin waɗanda ya kama ba su cika allurarsu ba. Kun san wace allura ce ke tare shi? Ta cinyar nan ce, wadda ta hana Inna barci. Ita ɗaya tana tare mashaƙo, da tarin shiƙa, da ciwon sarƙe haƙora, da wani nau'in ciwon hanta, da wata ƙwaya mai sa wa jarirai ciwon haƙarƙari da sanƙarau. Amma sai an yi ta sau uku.

Ta fuskar addini ba ni ne mai fatawa ba, akwai malamai a kowace unguwa, a tambaye su. Abu biyu kawai zan ajiye. Lokacin annobar Amwas, Sayyidina Umar ya nufi Sham, da ya ji labarin ciwo sai ya juya da jama'arsa. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna masa cewa inda suka juya ɗin ma ƙaddarar Allah ce. Na biyu, duk alhajin da ke garin nan ya miƙa damtse an yi masa allurar sanƙarau da ta shawara kafin ya hau jirgi, don Saudiyya ba ta karɓar maniyyaci sai da shaidarta. Ban taɓa jin wanda ya fasa Makka saboda ita ba. Alhaji, abin da ka yarda da shi a jikinka, me ya haramta shi a jikin jikanka?

Ma'aikatan lafiya, ku ma ku matso kusa da rediyo. Na san wahalarku, mutum biyu ko uku a kan ƙauyuka da yawa, ga firjin da ke aiki da hasken rana, ga babur da ba mai. Na ga yadda kuke duba ɗan murabba'in nan da ke jikin kwalba, wanda in ya yi duhu kamar da'irar da ke kewaye da shi an san zafi ya lalata maganin sai a zubar. Wannan amana ce, Allah ya saka. Amma akwai mata da suka daina zuwa ba don miji ko suruka ba, sai don ku. Na taɓa ganin mace a wata likita, ta yi sammako da goyo a ƙafa, rana ta take, aka ce mata kwalbar dauro ta yara goma ce, in an buɗe awa shida kawai take yi, ba za a buɗe don yara biyu ba, ta dawo wani satin. Ta juya ba ta ce uffan ba. Kuna jin za ta dawo? Wata kuwa karnenta ne ya jiƙe da damina, ko gara ta ci, aka yi mata tsawa a gaban mata 'yan uwanta. Asarar rabin kwalba ta fi sauƙi a kan asarar yaro. In kuwa dole sai an tara yara, a sa rana tabbatacciya, a gaya wa maigari da liman, a yi shela, kuma ranar ta zo a same ku. Sannan ku riƙa faɗa wa uwa tun kafin ta tashi cewa jikin yaro zai yi zafi yau da dare, don in ta kai wannan labari gida da bakinta, zazzaɓin ba zai zama hujja a kanta ba.

To Malam mai shirin tafiya, ga abin da nake roƙo, kuma ba ya cin ko dala. Kafin ka ɗauki jaka kana barin hatsi, kana barin kuɗin cefane, kana gaya wa ƙaninka yadda za a yi da awaki. Ka haɗa da wannan. Ka ce a ɗauko karne, in ba ka iya karanta faransanci ba ka kira ɗan lakwal ko wakilin lafiya na unguwa ya duba maka abin da ya rage. Jadawalin ba shi da wuya: da haihuwa, sai sati shida, sati goma, sati goma sha huɗu, sai wata tara a yi ta dauro da shawara da sanƙarau, sannan ta dauro ta biyu bayan ya shige shekara. Yaron da ya tsallake wasu ba a sake masa daga farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa, ko da ya yi wayo.

Sannan ka faɗi izininka da baki, a gaban Inna, ba a ɗaka tsakaninka da matarka ba. Ka durƙusa ka ce, “Inna, na bar miki amanar yaran nan. Ranar allura in ta zo, don Allah ke za ki tuna mata, in ma da hali ki raka ta.” Tsohuwar da aka ba girma ta zama mai tunatarwa ba za ta koma mai hanawa ba, balle a kan ɗan jikan da take kira angonta. Ka ware kuɗin kabu-kabu na zuwa da dawowa ka ce na likita ne, kada a taɓa. Ka ce ko masu ɗigo sun zo ba ka nan, a fito da yara duka, har da na baƙi da ɗan almajirin da ke kwana a zaure. In matarka za ta je wankan jego gidansu a tsallake, ƙasar Daura ko Babura ko Maigatari, ta tafi da karnenta, can ma allurar iri ɗaya ce, su kati suke ce masa. In kuma kai ne har yanzu zuciyarka ba ta kwanta ba, kada ka tafi da shakkunka a aljihu. Ka je likita da kanka kafin ranar tafiya, ka ce a nuna maka kwalbar, ka karanta inda aka yi ta da ranar lalacewarta, ka yi duk tambayar da ke ranka. Hakkinka ne, kuma wajibin ma'aikaci ne ya amsa maka ba tare da ɗaure fuska ba.

Wanda ya riga ya tafi kuma yake jin mu ta waya, kiran da za ka yi gida yau da dare ya isa. Ka ce a ba Inna wayar.